Ƙasa ta sauya a Anka da Gummi, amma taswirar kwamfuta tana nan jiya i yau

Taswirar tudu da kwari ta kyauta, wadda injiniyoyi da dama ke ɗorawa a manhajar zanen gini, hukumar NASA ce ta auna ta tun shekarar 2000.

Daga lokacin zuwa yau, haƙar zinari ta bar ramuka a Anka da Bukkuyum. Bayan annobar gubar dalma ta 2010, an kankare ƙasar gidaje a Dareta da Bagega, aka zuba sabuwa. A 2024 kuma ambaliya ta auka wa Gummi.

Manhaja ba ta san an yi ba. Muddin ba a sake awon fili an sabunta ta ba, magudana na iya juya ruwa cikin gida, kuɗin ciko kuma ya zarce lissafi.