Kumburin muƙamuƙin yara: yadda aka gwada maganinsa a asibitin Mulago

Da yawa daga cikinmu in sun ji an ce ciwon daji sai su ce ba shi da magani sai haƙuri. A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wani irinsa da ke kama yara. Shi wannan yana da magani, kuma a wani asibitin gwamnati na Afirka aka tabbatar da hakan.

Ciwon ya fi kama yara masu shekara 4 zuwa 10, kuma ya fi yawa ga maza. Yakan fara da kumburi a muƙamuƙi ko kusa da ido, haƙora su riƙa girgiɗa. Wani lokaci cikin yaro ne ke kumbura. Iyaye sukan ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori. To amma hangum yakan saɓe cikin ƴan kwanaki, shi kuwa wannan ƙaruwa yake yi, har ƙwayoyinsa na iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wanda ya fara lura da shi

A shekara ta 1957, a asibitin Mulago da ke birnin Kampala na ƙasar Yuganda, aka nuna wa wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa. Bai jima ba ya ga wani yaron mai irin wannan kumburi. Sai ya shiga binciken tsofaffin takardun asibiti, ya rubuta bayanin yara 38 a 1958. Shi ya sa har yau ake kiran ciwon da sunansa.

A 1961 shi da abokansa biyu suka shiga wata tsohuwar mota, suka yi tafiyar kusan kilomita 16.000 suna tambaya asibiti-asibiti. Suka tarar ciwon ya fi yawa inda ake zafi da ruwan sama, ba a cika ganinsa bisa duwatsu masu sanyi ba. Wato inda masassarar cizon sauro ta yi yawa, nan shi ma yake. A 1964 kuma masana a birnin Landan suka gano wata ƙwayar cuta cikin tsokar kumburin, aka sa mata suna Epstein-Barr. Kusan kowane baligi yana ɗauke da ita ba ta yi masa kome ba. Haɗuwarta da masassara mai yawan dawowa ce ke buɗa wa ciwon ƙofa ga wasu yara ƙalilan.

Yadda ake gwajin magani

Tun farkon shekarun 1960 likitoci suka ga abin mamaki. In an yi wa yaro allurar wani magani mai suna siklofosfamid, sai kumburin ya saɓe cikin ƴan kwanaki. Amma ga wasu yaran sai ya dawo. Allura ɗaya ta isa, ko sai an maimaita? Maganin yana da ƙarfi, yana wahalar da jiki, bai kamata a ba yaro abin da ya wuce buƙata ba. Kowane likita da nasa ra'ayi, ra'ayi kuwa ba hujja ba ne.

Mu manoma mun san yadda malaman gona suke gwada irin hatsi a Tarna, kusa da Maraɗi. Ana shuka iri biyu gefe da gefe, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya. In kaka ta yi a auna abin da kowane ya bayar. Da za a shuka sabon iri a fadama, tsohon a jigawa, ai gwajin ya zama banza.

Haka aka yi a Mulago. A 1967 jami'ar Makerere da wata cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka suka buɗe ɗakin jinya na musamman. Aka raba yaran kashi biyu, kashi ɗaya aka tsaya ga allura ɗaya, ɗayan aka yi masa har sau shida. Ba likita ke zaɓen kashin da yaro zai shiga ba, ƙuri'a ake yi. Dalili shi ne, in an bar wa likita zaɓi, zuciyarsa na iya sa ya tara masu sauƙin ciwo wuri guda ba tare da ya sani ba. Abin da aka gani: yaran da ciwon ya riga ya yaɗu a jikinsu sun fi samun dawowar kumburi in an tsaya ga allura ɗaya. Daga baya aka gwada haɗa magunguna uku.

Aikin da ya fi wuya shi ne bin sawu. Ma'aikata sukan bi yaran har ƙauyukansu, shekara da shekaru, don a san wanda ya warke da wanda ciwon ya dawo masa. Lokacin mulkin Idi Amin likitocin waje suka bar ƙasar, amma wani likita ɗan Yuganda, Charles Olweny, ya riƙe aikin. A 1979 aka bayyana sakamakon bin yara 157 tsawon shekara 10: kusan rabinsu sun warke.

In an nemi ɗanka ya shiga gwaji

Mun san akwai masu tsoron gwaji, kuma tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin magani da yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano.

Saboda haka ka san haƙƙinka. Dole a yi maka bayani da harshen da kake ji, a gaya maka amfanin maganin da illarsa. In za ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka karanta takardar tukuna, ko wanda ka amince da shi ya karanta maka. Kana da ikon ƙi, kana da ikon janyewa daga baya, kuma hakan ba zai hana a yi wa ɗanka jinyar da aka saba ba.

A yau, a ƙasashe masu wadata, kusan yara 9 cikin 10 masu wannan ciwo suna warkewa. A asibitocin Afirka da yawa ba su wuce rabi ba. Akwai ƙarancin kayan aiki da tsadar magani, wannan gaskiya ne. Amma akwai namu laifin: kawo yaro a makare, da gudu daga asibiti. Uba ya ga kumburi ya saɓe bayan allurar farko, ga aikin gona na jira, ga guzuri ya ƙare, sai ya ɗauke ɗansa ya koma gida. Ragowar ciwon kuwa tana nan, kuma in ya dawo ya fi wuyar magani. Zubewar gashi da amai lokacin jinya aikin maganin ne, gashin zai sake tsirowa. Zazzaɓi ne abin gaggawa, a sanar da likita nan take.

In kun ga irin wannan kumburi yana ƙaruwa, kada a kai yaro a yi masa sakiya ko ƙaho, kada a cire haƙoran da ke girgiɗa. A kai shi gidan likita mafi kusa a nemi takardar zuwa babban asibiti, inda za a ɗebi ɗan abin da ke cikin kumburin a auna. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji. Kafin ku tashi, ku shirya da dangi wanda zai kula da gona da dabbobi, domin jinyar takan ɗauki makonni da yawa.