Maganin Feshi: Gubar da Ke Shiga ta Fata

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. A wannan maƙala zan yi tsokaci ne a kan haɗarin da ’yan ƙwadagon feshi ke jefa kansu ciki, sau da yawa ba tare da sun sani ba.

A daminar bara, a wani fili da ba a gina ba a unguwarmu ta Gwarinpa, Abuja, na tarar da wani matashi yana feshin ciyawa a gonar masara da tsakar rana. Ba takalmi, ba safar hannu, ba takunkumi, ga famfon da ya goya yana yoyo a gadon bayansa. Da bakin famfon ya toshe, sai ya sa baki ya hura. Na ce, “Malam, ba ka tsoron guba?” Ya yi dariya ya ce, “Ai in na gama madara zan sha.”

To, a nan kuskuren yake. Madara ko manja ba sa karya wannan guba. Kuma ba sai an sha take shiga jiki ba. Ga mai feshi, babbar ƙofarta ita ce fata, musamman idan ana zufa, sannan numfashi da baki. Maganin ƙwari mai sinadarin dichlorvos, wanda aka fi sani da Sniper, yana rikita aikin jijiyoyi. Alamominsa su ne dalalar miyau, yawan zufa, jiri, amai, tsukewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Shi kuwa maganin ciyawa na paraquat huhu yake lalatawa, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007.

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Duk shekara ana samun gubar feshi ta tsautsayi a sassan duniya, tare da asarar rayuka. A nan gida, Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015 saboda ragowar dichlorvos a jikinsa, sannan a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni.

Ina mafita? Mai feshi ya sa doguwar riga da wando, takalmin roba, safar hannu da takunkumi. Ya yi aikinsa da sanyin safiya ko da yamma, kada iska ta riƙa maido masa da feshin a fuska. Ban da ci, sha ko busa taba ana cikin aiki. In ya gama ya yi wanka da sabulu, a wanke tufafinsa daban da na iyali, kada kuma a mai da kwalbar ta zama mazubin ruwa ko mai. Idan alamomin guba suka bayyana, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa, kada a tilasta masa amai, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar domin likita ya ga abin da ke rubuce a jikinta.

A ƙarshe, ina kira ga masu gonaki: wanda ya iya sayen magani, ya haɗa da kayan kariyar wanda zai fesa. Kuɗin ƙwadagon yini ɗaya ba zai biya lafiyar mutum ba. Allah ya kiyashe mu, amin.