Ƙaura Namoda: Tsufa da bangaskiya a ƙarshen layin dogo

A 1929 layin dogo daga Zariya ya iso Ƙaura Namoda, kuma nan ya tsaya. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka biyo shi, cikinsu har da Kiristoci. Yau wasu daga zuriyarsu sun tsufa a garin, ga fargabar 'yan bindiga ta sa 'ya'yan da ke nesa sun rage kawo ziyara.

Kaɗaici ya fi ciwon gwiwa cin rai. Ido ya yi rauni, Littafi Mai Tsarki ba ya karantuwa, zuwa majami'a ma sai an samu mai ɗauka a babur.

A nan zumuntar mata ke taka rawa: su kai wa tsohuwa sujada har ɗaki, a karanta mata labarin Hannatu cikin Luka sura 2, gwauruwar da tsufa bai raba ta da Haikali ba.

Sai dai lallashi kaɗai ba ya riƙe dattijo. Aiki yake so. A ba shi sunayen marasa lafiya da masu bin hanyar Shinkafi ko Zurmi, ya riƙa yi musu addu'a kowace asuba, da yamma a dawo masa da labarin sun sauka lafiya.