Kwamfutar da ke mutuwa ana tsakar wasa: ba kullum ne laifin bairos ba

A gidajen gem na ƙananan garuruwan yammacin Katsina, daga Karare zuwa cikin Batsari da Safana, ba abin da ke haɗa rigima da wuri kamar kwamfuta ta ɗauke ana tsakar wasan ƙwallo. Allo ya yi baƙi, fanka ta yi shiru, sai kuma ga tambarin Windows ya dawo kamar ba a yi komai ba. Wanda ke cin wasa ya ce an yi masa maguɗi, wanda ake ci ya ce a sake daga farko, mai shago kuma ya rasa wa zai karɓi kuɗi a hannunsa.

Asarar ba ta tsaya a kuɗin wasa ɗaya ba. A irin waɗannan wurare kwamfutar tebur guda ce ke aiki biyu: da rana a buga takardu, da yamma a jona mata hannun wasa matasa su buga PES ko FIFA. Duk mutuwar bazata na iya lalata fayil ɗin da ake kan ajiyewa, kuma idan abin ya yawaita har shi kansa Windows ɗin yakan ƙi tashi. Takardar neman aikin wani, ko furojet ɗin ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, na iya salwanta a haka.

Maganin da aka fi saurin bayarwa shi ne "bairos ne, a yi fomatin". Sai a ɗaura kwamfuta a bayan babur ko a saka ta a mota zuwa Katsina, a kan hanyar da kowa ya san ba a hawanta don nishaɗi, a biya kuɗin mota da na mai gyara, a dawo. Bayan kwana biyu ta koma gidan jiya. Dalili kuwa, sau da yawa cutar ba a manhaja take ba. Tana cikin wutar da ake ba ta ne, ko ƙurar da ta shaƙa.

Wuta ce farkon abin zargi

Kwamfutar da ke buga takarda ba ta cin wuta sosai. Da an buɗe wasa, furosesa da katin hoto kan tashi aiki gadan-gadan, wutar da suke ja ta ninka. Shi ya sa matsalar ke ɓuya da rana ta fito da yamma.

A cikin kowace kwamfutar tebur akwai akwatin da ke karɓar wutar soket, mai ƙarfin bolt 230 a tsarin Najeriya, ya mayar da ita ƙaramar wutar da kayan ciki ke buƙata. Masu gyara na kiransa fawa-fak. Idan wuta ta yanke, abin da yake iya riƙewa bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ba. Wato ƙiftawar da ƙwan fitila zai yi ba ka ma lura ba, ta isa ta kashe kwamfuta ta sake tayar da ita.

To a duba irin wutar da ake samu. Inda layin KEDCO ya kai, wutar kan zo da rauni, musamman da magariba lokacin da kowa ya kunna nasa. Inda bai kai ba ko ya daɗe a lalace, ƙaramin janareto ne, wanda abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 650 ko kusa da haka ba. A kansa za a ɗora kwamfuta, talabijin, fankoki, cajin wayoyi, wani lokacin har da injin hoton takarda. Shi wannan injin, da firinta mai leza, kan ja wuta mai yawa a lokacin da suke ɗumama kansu. Idan kwamfutarka na mutuwa daidai lokacin da aka danna fotokwafi ko firiji ya tashi, ka gama bincike.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu shaguna da dama sun koma sola. Nan ma akwai tarko. Imbata mai araha ba ta bayar da wuta mai santsi irin ta NEPA, kuma wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da irin wannan wutar. Haka kuma batirin da ya gaji kan nuna a cike yake, amma da an ɗora masa nauyi sai ya zube.

Gwajin bai buƙatar ko sisi. A cire komai daga janareton a bar kwamfutar da allonta kaɗai, a jona ta kai tsaye ba ta tsohon estenshan mai kwancen baki ba, a buga wasan da ya saba kashe ta. Idan ta yi awa ɗaya lafiya, lafiyarta ƙalau. Sitabilaiza na taimakawa wajen wuta mai rauni, amma ba ya cike giɓin yankewa. Wannan aikin UPS ne.

Idan kuwa ta mutu duk da wuta mai kyau, a koma kan fawa-fak ɗin kansa. Yawancin kwamfutocin da ke shigowa kasuwanninmu kwancen ofisoshin Turai da Amurka ne, ƙananan Dell da HP da aka ƙera don aikin rubutu, kuma fawa-fak ɗinsu galibi bai kai wat 300 ba. Sai mutum ya je Kano ya sayo katin hoto ya cusa. Katin GTX 1060 shi kaɗai yana cin wat 120, kuma kamfanin Nvidia ya ce a haɗa shi da fawa-fak mai wat 400. Ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. A ganina wannan ce kuskuren da ya fi cin kuɗin matasa, domin mai sayar da katin ba lallai ya tambaye ka wace irin kwamfuta gare ka ba.

Gargaɗi ɗaya: kada a buɗe cikin fawa-fak. Yana riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket, kuma tana iya yin kisa. Canza shi ake yi.

Zafi da ƙura

A watan Afrilu zafin Katsina kan haura digiri 40, a cikin shago mai rufin kwano kuma ya fi haka. Furosesa na da iyakar da ba ta wucewa, wajen digiri 100 a yawancin na Intel. Idan ta kusa kaiwa sai ta rage gudu, wasa ya fara sarƙewa, in abin ya ƙi kwamfutar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu da ta taru tun Disamba ita ke toshe hanyar iskar.

Zafi na da alamarsa. Kwamfutar kan yi mintuna tana aiki kafin ta mutu, fanka na kuka kamar za ta tashi sama, kuma in aka sake kunna ta nan take sai ta mutu da wuri fiye da na farko. Manhajar HWMonitor, wadda kyauta ce, tana nuna zafin a lambobi.

A zare wuta, a fitar da ita waje, a buɗe gefe a hure da buluwa, amma a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa yakan bushe bayan shekaru. A goge tsohon a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Man goge baki ba ya maye gurbinsa, ko wa ya faɗa maka. Sannan a ɗauke kwamfutar daga ƙasa, a raba ta da bango.

Sai a zo kan manhaja

Windows na da ɗabi'ar sake tashi da kansa idan ya yi karo da babbar matsala, kafin mutum ya karanta abin da ya rubuta. Ana kashe wannan a sashen Startup and Recovery. Bayan haka, idan shuɗin allo ya bayyana da rubutu, zargi ya koma kan direban katin hoto, ko RAM, ko wasan da aka kwafo a filashi ba a san asalinsa ba. RAM kan kwance saboda jijjigar hanya. A cire shi a goge bakinsa da abin goge fensir a mayar, in guda biyu ne a gwada ɗaya bayan ɗaya. Saƙon Kernel-Power 41 da ake gani a Event Viewer yana tsorata mutane, alhali abin da yake cewa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba. Bai faɗi dalili.

Mai niyyar sayen UPS kuma ya lura da lambar da ke jikin kwalin. Wanda aka rubuta wa 650VA, abin da yake ɗauka a zahiri bai kai wat 400 ba, don haka kwamfuta da allo kaɗai za a jona masa, ban da firinta. Batirin cikinsa ba ya son zafi, kuma wanda ya daɗe a kan kantar shago na iya zuwa a gajiye. A sa mai shagon ya jona masa kwamfuta, ya zare wuta a gabanka, ka ga ko za ta ci gaba da aiki kafin ka miƙa kuɗi.