Renon tsutsar malam-buɗe-littafi « monarque » da abin da tumfafiya ke koya mana

A cikin wannan takarda za mu bayyana matakan rayuwar malam-buɗe-littafi da masana ke kira Danaus plexippus, wanda ke zaune a Amurka ta Arewa, mu kuma nuna cewa rayuwarsa duka ta rataya ga tsiro iri guda.

1. Matakai huɗu

Macen tana saka ƙwai ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ganyen Asclepias, tsiro mai farin nono, dangin tumfafiyarmu. Bayan kwana 3 zuwa 5 tsutsa ta ƙyanƙyashe. Tana cin ganyen wajen mako 2, tana saɓa sau 5. A saɓar ƙarshe takan rataye kai ƙasa, ta zama ƙunshi kore mai ɗigon zinariya. Bayan kwana 10 zuwa 14 sai malam-buɗe-littafi ya fito, ya shanya fukafukansa, ya tashi.

2. Dalilin dogaro ga tsiron

Nonon Asclepias yana da dafi. Tsutsar tana tara shi a jikinta, ya bi ta har bayan ta yi fukafukai. Tsuntsun da ya ci ta yakan yi amai, ya kiyayi irinta. Saboda haka mai reno ya sani: in an ba ta wani ganye, yunwa za ta kashe ta. A sake mata ganye kullum, a share kashinta, kada a cunkusa tsutsotsi a kwali guda, don cuta na saurin yaɗuwa.

3. Abin da ke cikin haɗari

Kowace kaka suna ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa duwatsun Michoacán a Meksiko, tafiyar da kan kai kilomita 4000. A hunturun 1996-1997 sun rufe hekta 18 na daji. A na 2023-2024 ba su cika hekta 1 ba. Cikin dalilai akwai maganin kashe ciyawa da ya share Asclepias daga gonakin masara da waken soya.

4. A wajenmu

Ɗan'uwansa, Danaus chrysippus, yana ƙwai a kan tumfafiya, daga Zinder har Tawa. Malamin lakwal na iya nuna wa ƴan makaranta matakan nan huɗu da reshe guda da kwali mai raga. Sai dai a kiyaye nonon tumfafiya, yana ɓata ido. A wanke hannu bayan an taɓa shi.