Gani Ya Kori Ji: Yadda Ake Gwada Lasifika

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, wajen zaɓen lasifika kuwa, nan ne hatsarin yake, gama ido yakan ruɗi kunne.

A cikin shekarar 1994 waɗansu masana biyu na kamfanin Harman a Amurka, watau Floyd Toole da Sean Olive, suka tara ma'aikata 40, suka kunna musu lasifika iri huɗu. Sa'ad da mutanen nan ke ganinsu, sai suka fifita manya masu tsada ƙwarai. Amma da aka ɓoye su bayan labule wanda sauti ke ratsawa, sai ratar ta ragu, ƙarama mai araha kuma ta sami daraja.

Ban da ido, akwai ƙarfin sauti. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya kama kaurin amo sosai. Saboda haka lasifikar da aka ɗan ƙara wa murya takan fi daɗin ji, ko da ba ta fi kyau ba. Har wa yau, wadda aka jingina da bango amonta yakan ƙara kauri.

Don haka wanda zai zuba dukiyarsa, sai ya daidaita ƙarfinsu, ya ajiye su wuri guda bi da bi, ya sa waƙar da ya sani, sa'an nan ya sa wani ya riƙa sauya su bayan labule. Abin da kunne ya zaɓa, shi ne na saye.