Ba A Sake Shafa Fatiha Don Mai Hoto

Ɗaurin aure ba ya cin lokaci. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki a miƙa lakadan, liman ya ja addu'a, a shafa. Kafin na bayan sahu su gama gyara zama maroƙi ya ɗaga murya cewa an ɗaura, jama'a sun miƙe ana musabaha, yara na wawar dabino da alewa. Da wuya abin ya wuce minti goma. A cikin wannan ɗan taƙin ne mai hoton biki yake samun abincinsa ko ya zubar da sunansa. In hannun wani ya gitta daidai lokacin da ake miƙa sadaki, ko batir ya mutu ana cikin addu'a, shi ke nan. Ba wanda zai je ya ce wa liman, Allah gafarta malam a sake, mai hoto bai samu ba.

Yau kuwa hannuwan da ke gittawa sun yi yawa. Duk wanda ya halarci ɗaurin aure a Bwari ko Dutse Alhaji ko Kubwa ranar Asabar ya ga yadda wayoyi ke tashi sama da zarar liman ya gyara murya. Abokan ango, ƙannen amarya, har dattijon da bai daɗe da koyon latsa wayar ba, kowa ɗauka yake yi. Shi ya sa tambayar da iyaye ke yi in ana lissafin kuɗin biki ba ta wauta ba ce: ga kuɗin rumfa da kujeru, ga abinci, ga kayan ɗaki, me zai sa a biya wani don abin da kowane yaro a gidan zai iya yi kyauta?

Bwari wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, ta zama ƙaramar hukuma a 1996, shekara guda bayan haka hedikwatar Makarantar Horas da Lauyoyi ta baro Legas ta dawo nan. Ga hedikwatar JAMB, ga Jami'ar Veritas, ga ɗimbin ma'aikatan da tsadar haya da rusau suka turo daga cikin birnin Abuja. Mai situdiyo a garin yana rage zafi a tsakiyar mako da hoton fasfo na ɗalibai da masu neman aiki, amma ƙarshen mako ne kasuwarsa. A Asabar guda yana iya farawa da auren coci da safe, ya wuce ɗaurin aure a ƙofar masallaci, da yamma ya je bikin gargajiya a wani ƙauyen Gbagyi ta wajen Ushafa, ya ƙare da dina a wani zauren taro a Kubwa. Kowane wuri da ladabinsa. Akwai limamin cocin da ba ya yarda a hau kusa da bagade ko a haska fitila ana ɗaukar alkawari. Akwai masallacin da ba a son a ga kyamara a cikinsa sam, sai a haraba. Wanda bai tambaya tun kafin ranar ba, a gaban jama'a zai sha tsawa.

Masu ɗaukar hoto a biki iri uku ne. Akwai wanda aka ɗauko, aka yi ciniki, aka ba shi kafin alƙalami. Akwai 'yan paparazi, waɗanda ba wanda ya gayyace su: su ɗauki baƙi suna shigowa, su garzaya su buga, kafin a tashi sun baje hotunan a bakin ƙofa, kowa ya ga nasa ya saya. Waɗannan su waya ta fi kassarawa, don mace ba ta ƙara bukatar kowa ya nuna mata yadda ankonta ya zauna. Sai na uku, jama'ar gari da wayoyinsu.

Waɗanda suka fara sana'ar a zamanin fim suna tuna lokacin da nadi guda hoto 36 ne kacal, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai an wanke. Kowane latsi kuɗi ne, saboda haka dole mutum ya koyi jira, ya koyi karanta fuska, ya san lokacin da dariya za ta fito kafin ta fito. Kamfanin Kodak da ke yin fim ɗin, wanda injiniyansa Steve Sasson ya haɗa kyamarar farko maras fim a 1975, shi kansa sai da ya durƙushe a 2012. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, ba a jima ba ta zo da kyamara a bayanta. Abin da ya saura wa mai sana'a daga wancan zamani shi ne idon da ƙarancin fim ya horar, kuma shi ne yake ƙoƙarin koya wa yaran shagonsa, waɗanda suka tashi suna latsawa ba adadi.

Farkon abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne haske. A ɗauki ɗaurin auren da aka sa ƙarfe ɗaya na rana. Ango ya sha farar shadda mai maiƙo, abokansa ma farare, rana tana tsakar ka. Ita kyamara ba ta san wane ne ango ba, haske kawai take aunawa. In ta ga fari ya cika mata ido sai ta rage haske, rigar ta fito tas, fuskar ta koma duhu, inuwa ta cika kwarmin ido. In an buɗe don fuska ta fito, sai aikin da aka yi wa babbar rigar, wanda maɗinki ya yi makonni a kansa, ya narke ya zama farin fili. Gwani ya san zai ja su gefen inuwar gini, ko ya juya musu baya ga rana ya cike fuskar da ɗan hasken fitila. Ya san rumfar haya mai ja ko shuɗin rufi tana zuba launinta a fatar duk wanda ke ƙarƙashinta. Ya san hazon hunturu yana kashe launi, ya san la'asar sakaliya ita ce lokacin hoton amarya, musamman in an samu duwatsun Bwari a bayanta. A zauren dina kuma, inda fitilu ke juyawa kore da ja, ba ya harba haske kai tsaye a fuskar da aka yi wa kwalliya, sai ya jefa shi a silin ya dawo a tausashe.

Wannan matsala ta baƙar fata da kyamara tsohuwa ce. Shekaru da dama ana daidaita launin fim a ɗakunan wanki da katin gwaji mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, don haka fatarmu ba ta cikin lissafi. Duk da haka masu hoton Afirka ta Yamma irin su Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako suka fitar da mutanensu da kwarjini, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Banis a 2007 da hotunan samari da 'yan matan unguwa. A nan dole a yi wa waya adalci: kamfanin da ke ƙera Tecno da Infinix da itel ya ci kasuwar Afirka ne, a wani ɓangare, don ya gyara kyamarorinsa su iya baƙar fata. Wayar yau tana ɗaukar hoto mai kyau. Wanda ya ce ba ta yi, son zuciya ne.

Abin da ba ta sani ba shi ne dangi. Mai hoton da ya san aikinsa yakan nemi wata babbar ya ko gwaggo tun kafin biki ta zauna da shi ta faɗa masa wane ne wane. Wace ce ta haifi amarya, wace ce ta riƙe ta. Wane kawu ne ya taso tun daga Kagarko ko Suleja, wanda in babu shi a albam za a yi shekara ana maganar. Waɗanne mata biyu ne ba za a jera su kafaɗa da kafaɗa ba. In amarya 'yar fari ce, uwar tana iya noƙewa don kunya, ba kuma a jan ta da ƙarfi a gaban surukai. Sai dai a faki lokacin da ta zo gyara wa 'yar mayafi a ɗauka daga nesa. Tara mutum talatin masu yunwa, a jera su, a sa su kalli wuri guda, alhali wayoyi biyar a gefe suna kiran "ku kallo nan", shi ma aiki ne da ke son murya da ladabi a haɗe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren Juma'a mai hoto yana neman inda zai cika batura in babu wuta, yana share gilasan kyamara, yana duba katunan ajiya. Wanda ya ƙoshi a sana'ar ba ya fita da kyamara ɗaya, kuma yana son irin wadda ke rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda, don kati yana lalacewa ba sallama. Duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a tsakiyar 2023, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi, har da yawa sun koma hayar gilashi ko fitila na kwana guda. Kuɗin mota daga Bwari zuwa cikin gari da kaya da yaro mai riƙe fitila ma abin lissafi ne. Sannan aikin da ba a gani: dubban hotuna da za a zauna a tace, a gyara, a tsara, a kai bugu. Mai biki yana ganin wuni ɗaya ya biya, alhali aikin mako ne ko fiye.

Ni kaina na taɓa ba da shawarar a bar mai hoto. A bikin ƙanwata ne, kuɗi sun yi ƙaranci, ga wani ɗan uwanmu da sabuwar waya mai tsada yana cewa ya ɗauke mana wannan nauyi. Ya kuwa ɗauka da yawa. Amma lokacin da ake ɗaurin auren yana waje yana nuna wa baƙi inda za su ajiye mota, don shi ma ɗan gida ne, kowa aikensa yake. Bayan kwana uku aka zare wayar daga aljihunsa a tasha, bai kwashe komai ba. Abin da muka tsira da shi 'yan hotunan da aka tura ta WhatsApp ne, waɗanda in an buga su fuska ke dagargajewa. Kawunmu da ya yi walicci bai ga ƙarshen shekarar ba. Har yau ƙanwata ba ta da hotonsa na ranar da ya ba da aurenta, kuma in maganar ta taso shiru nake yi. Yaron bai yi laifi ba. Mu ne muka ɗora amana a kan wanda ba a keɓe don ita ba.

Sai dai akwai inda waya ta fi. Cikin ɗaki, daren sa lalle, lokacin da kaka ke yi wa amarya nasiha tana kuka, ƙawar da ke zaune a gefen gado ce kaɗai za ta samu wannan. Namiji baƙo ba ya shiga nan, bai ma kamata ya shiga ba. Wannan ne ya buɗe wa mata ƙofa a sana'ar, kuma gidaje da yawa yanzu mace suke nema don kamu da wuni da walimar mata. 'Yan matan da ke shakkar ko aikin ya dace da su suna da abin koyi: Aisha Augie, 'yar Argungu da ta yi suna da kyamara a Abuja, da Fati Abubakar da ta nuna wa duniya rayuwar Maiduguri ta yau da kullum a lokacin da ba a jin komai daga can sai bam.

Abin da ya fi damuna da wayoyin biki shi ne saurin fitar hoto. Matar aure ta cire mayafi a cikin 'yan uwanta mata tana rawa, kafin ta koma gida bidiyon ya zaga, har mijinta ya gani a wayar abokin aikinsa. Amarya ba ta kai ɗakinta ba baƙin ido sun gama yi mata sharhi a TikTok. Liƙi ma ya zama abin tsoro: dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta watsa naira da taka ta, kuma hukumar EFCC na gurfanar da mutane da hujjar bidiyon biki. Mai sana'a na ƙwarai ya san hoton da zai ɗauka, ya san wanda zai kau da kai, kuma ba ya sa fuskar amarya a Instagram don tallar kansa sai ya nemi izinin mijinta da ita. Wanda ke yin haka ba izini, komai tsadar kyamararsa, ban ɗauke shi gwani ba.

Akwai sauran laifuffukan da masu sana'ar ya kamata su ji. Wasu suna karɓar biki uku a rana ɗaya su turo yaron da bai gama koyo ba. Wasu suna riƙe albam har amarya ta haihu. Wasu suna tsallake dattawa a kan tabarma kamar bikin nasu ne. Mafi ciwo a gare ni shi ne gyaran da ake yi wa fata a kwamfuta: a ɗauki yarinya baƙa kyakkyawa a wanke ta ta koma fara sol, a shafe tsagen gado, a goge har layin murmushi. Sukan ce amaren ne ke roƙo, "don Allah ka ɗan haska ni". Gaskiya ne, amma 'ya'yanta ne za su buɗe albam ɗin nan gaba suna neman fuskar uwarsu.

Ranar Litinin kasuwar Bwari ta koma hidimarta, mai hoto yana cikin shago da janareto a ƙofa, yaronsa na yanka fasfo. Ya riga ya kwashe katunan ya ajiye a wuri biyu tun daren Asabar kafin ya kwanta. Yanzu yana bin hotunan ɗaurin aure ɗaya bayan ɗaya: a wannan liman ya rufe ido, a wancan gwiwar hannun wani ta tare rabin fuskar waliyyi, a na gaba waya ce ta shigo ta gefe. Sai ya iso kan wanda ya durƙusa a ƙasa ya ɗauka ta tsakanin kafaɗu biyu. Tafukan hannu duk a sama, kuɗin sadaki a kan darduma kusa da ƙwaryar goro, waliyyi ya sunkuyar da kai. Ya sa masa alama, ya kira wayar ango ya tambaye shi ranar da zai kawo ciko.